Macen da ta ƙaru a haihuwar baya: za ta sake haihuwa da kanta, ko sai an yi mata aiki?



Idan aka yi haihuwa, maigida yakan aika wa dangi da abokai cewa an samu ƙaruwa, a raba goro, a shiga neman ragon suna. Amma a cikin ɗaki akwai wata magana da mata suke yi ƙasa-ƙasa, wadda ba ta isowa zaure, wato a ce mai jego ta ƙaru, ko kuwa an yi mata ƙari. Bayan shekara biyu ciki ya sake shiga, tsoro ya kama matar, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. A nan ne gida yake rabuwa biyu: uwar miji ta ce kowace mace haka ta sha, matar kuwa ta ce ita sai dai a yi mata aiki. Maigida, wanda kuɗi da izini suke hannunsa, shi ne wanda ya fi kowa rashin sanin abin da ake gardama a kai.

Ƙari iri biyu ne. Akwai wanda yake faruwa da kansa, lokacin da kan jariri ya yaga naman da ke tsakanin gaba da dubura. Akwai kuma wanda ungozomar matarnite ko likita suke yi da almakashi don buɗe hanya, wanda ake kira efiziyotomi. Likitoci sun kasa yagewar mataki 4. Na 1 fata kawai yake taɓawa, na 2 yana shiga cikin tsoka. Na 3 yana kaiwa ga zoben tsokar da ke riƙe dubura, na 4 kuwa yana ratsa zoben har cikin hanji. Biyun ƙarshe su ne masu tsanani, saboda wannan zoben shi ne yake ba mutum ikon riƙe iska da bayan gida. Ƙungiyar likitocin mata ta Ingila ta ƙiyasta cewa a ƙasarsu irin wannan yana samun mace 3 cikin 100 masu haihuwa da kansu, ya kai 6 cikin 100 a haihuwar fari. Abubuwan da suke ƙara haɗarin sanannu ne: jariri mai nauyin fiye da kilo 4, daɗewa ana yunƙuri, maƙalewar kafaɗa, da jawo jariri da ƙarfe.

To, macen da wannan ya sama, za ta iya sake haihuwa da kanta? Mafi yawansu suna iyawa. Wadda aka yi wa ƙari da almakashi, ko ta yage a mataki na 1 ko na 2, ta warke, ba ta da dalilin shiga ɗakin tiyata saboda shi, kuma ba dole ba ne a sake yanka ta. A shekarar 2018 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce kada a mai da efiziyotomi al'ada ga kowace mai haihuwa, sai inda buƙata ta kama. Wadda ta kai mataki na 3 ko na 4 kuwa, alƙaluman likitocin Ingila sun nuna cewa 5 zuwa 7 cikin 100 ne suke sake yagewa haka, ke nan fiye da 90 ba ya maimaita musu. Kuma idan an yi ɗinki na ƙwarai, 6 zuwa 8 cikin 10 ba su da sauran damuwa bayan shekara guda.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma shi ne zuciyar wannan jawabi. Abin da yake raba wadda za ta haihu da kanta da wadda ya kamata a yi wa sezariyen tambaya ce guda: tun daga haihuwar baya, tana iya riƙe iska da bayan gida? Idan tana riƙewa, kuma likita ya duba ya ga zoben ya haɗe, hanya a buɗe take. Idan kuwa abu yana kuɓuce mata, ko kaɗan ne, wata naƙudar tana iya ƙara lalata shi, likita zai ba da shawarar a yi aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wace mace ce za ta buɗe baki ta faɗi wannan a gaban layin masu awo? Akwai wadda ta daina zuwa biki da ta'aziyya, tana yawaita sake alwala, tana kauce wa shimfiɗar mijinta, shi kuma ya ɗauka raini ne, har ya fara tunanin saki. Kunya ado ce, amma a nan tana iya cin lafiyar mace da aurenta gaba ɗaya.

Kada kuma a ɗauka sezariyen ita ce mafita ga kowa. Gwamnati ta mai da ita kyauta a 2005, amma tana barin tabo a mahaifa, wanda yake bin mace a kowane ciki na gaba. A ƙasar da binciken 2021 ya nuna mace tana haihuwar fiye da ƴaƴa 6, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne, balle ga wadda ƙauyenta yake nesa da ɗakin tiyata.

Saboda haka ga abin da ya rataya a wuyan magidanta. Na farko, a kai mai jego a duba ɗinkin mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa, wato da zarar an gama wankan arba'in. Na biyu, a bar jiki ya huta. OMS tana ba da shawarar wata 24 kafin wani ciki. Na uku, a adana karnen awo, a kuma gaya wa ungozoma tarihin ƙarin tun awon farko. Na huɗu, haihuwa ta gaba a yi ta inda akwai likita da ɗakin tiyata, kamar cibiyoyin lafiyar uwa da yaro na Maraɗi, Damagaram da Tawa, ko matarnite Isaka Gazobi a Yamai. A can ungozoma za ta iya gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ta tallafe shi da hannu, ta sa kan jariri ya fito sannu a hankali, abubuwan da suke rage yagewa. Danna ciki da ƙarfi don a gaggauta haihuwa, OMS ba ta yarda da shi ba. Yankan gishiri da aska a gida kuwa ba efiziyotomi ba ne, yana ma iya jawo yoyon fitsari. Wadda yoyo ya riga ya kama ba ta rasa gata ba: ana gyara, kamar a cibiyar Danja kusa da Maraɗi, wadda aka buɗe a 2012.

Hukuma ma tana da nata kason. Ƙari mai tsanani ba a ɗinke shi da hasken tocila. Yana buƙatar ƙwararren hannu, allurar kashe zafi, zare mai kyau da maganin hana ruɓewa. Wajibi ne kuma a rubuta matakin ƙarin a cikin karne, domin ungozomar gobe ta san abin da ta jiya ta gani. Wannan tambaya ce da ta cancanci a yi wa duk mai riƙe da kasafin kiwon lafiya.

An ce ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. Amma kuɗin mota da izinin fita a hannun namiji suke. Ɗan kasuwa ba ya ɗora wa mota kaya sai ya tambayi lafiyarta. Uwar ƴaƴansa ta fi cancantar tambayar. Wanda ya koma gida yau, ya keɓe da iyalinsa, ya tambaye ta cikin mutunci, in ya ji abin da bai zata ba, ya rufa asiri, ya raka ta wurin likita.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba masu jego lafiyar shayarwa.