Zafin Ƙarfe Kafin Feshi

Duk mazaunin Agege ko Ikeja ya san yadda tsatsa ke cin ƙyauren ƙarfe tun bai tsufa ba, domin iskar Legas ɗauke take da laima da gishirin teku. Shi ya sa ake lulluɓe ƙarfe da roba: a narkar da garinta da harshen wuta, a fesa.

To amma ingancin aikin yana ga zafin ƙarfen. Robar da ake yin leda da ita tana narkewa tsakanin digiri 105 da 135. In ta sauka a kan ƙarfe mai sanyi, nan take za ta daskare tun ba ta bazu ta kama jikinsa ba. Sai ta bar ƙananan kafofi, ruwa ya bi, wata rana ta ɓare kamar ɓawon ayaba. In wuta ta yi yawa kuma, ta ƙone ta tsattsage.

Feshin sassafe ya fi damuna, lokacin da raɓa ke kwance a jikin ƙarfe. Ƙa'ida ita ce zafinsa ya ɗara wanda raɓa ke sauka da aƙalla digiri 3, ko da fenti za a shafa. Maigida, kafin ka biya, tambayi mai aikin ma'aunin zafinsa.