Ƙaramar Katafila a Garka: Yadda Za Mu Zaɓe Ta Ba Mu Kashe Gawo Ba

 

An nemi in yi bayani a kan ƙaramar katafila mai haƙa, da yadda ƙungiya ko mai hali zai zaɓe ta don aikin garka da dashen itatuwa. Zan fara da ƙasar da za ta taka, domin ita ya kamata ta yanke mana hukunci.

Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonakinmu sun tsiraita. Abin da ya rufe su shi ne sassaben zamani: manomi ya bar kututture mai rai, ya zaɓi tohon da ya fi ƙarfi, ya rage sauran. Tony Rinaudo ya fara yaɗa dabarar a Maradi tun 1983, manoma kuma suka ɗauke ta da kansu. A 2006 Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu sun ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 1 ta farfaɗo a Magarya da Matameye da Mirya, galibi da gawo. A ƙasar Nijar baki ɗaya ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Hannu da gatari suka yi wannan aiki. To, abin da mai sayar da katafila ke fara nunawa shi ne yadda take tumɓuke kututture cikin ƴan mintuna. A wurinmu kututturen nan dukiya ne. Na'urar da za mu saya, mu saye ta don haƙa, mu hana ta tumɓuka.

Ina take da amfani? A fadamun Korama, inda ruwa yake kusa kuma ake noman rake da albasa da kabeji, tana yashe tafkin da rairayi ya cike, tana buɗe hanyar bututun ban ruwa, tana haƙa ramukan mangwaro da lemo da na takin gargajiya. A fako mai tauri tana fasa ƙasa kafin a gyara ramukan rabin wata da hannu.

Abu na farko a zaɓe shi ne nauyi. Waɗannan na'urori suna kamawa daga tan 1 zuwa 6. Mai tan 1.5 zuwa 2 tana haƙa zurfin mita 2 da ɗoriya, faɗinta bai fi mita 1 da kaɗan ba, tana shiga tsakanin layukan itatuwa, ana kuma iya jan ta a tirela. Mai tan 3 tana kai wa wajen mita 3, ita ta dace da tafki. Wadda ta haura haka ta fi ƙarfin garka. Yawancin saiwoyin da itace ke ci da su suna cikin santimita 60 na sama, kuma suna bazuwa har su wuce inuwarsa. Nauyi yana danne ƙasa, ya toshe wa saiwa iska da ruwa, itacen ya yi ta ramewa har ya bushe bayan shekaru, mai shi bai san dalili ba.

Na biyu, ƙira. A nemi mai sarƙar roba, domin ta ƙarfe tana yanka saiwa da bututu. A nemi wadda bayanta ba ya fita daga faɗin sarƙa idan ta juya, ƙirar da kamfanin Yanmar na Japan ya fito da ita a 1993, don kada ta goge bawon itace. A haɗa da bokiti biyu, siriri na magudana da mai faɗi na yashe laka.

Na uku, kuma a nan kuɗin jama'a ke salwanta, shi ne gyara. Kubota da Yanmar da Takeuchi da Bobcat sun yi suna. Na China irin su Sany da XCMG sun fi sauƙin kuɗi. Sunan da ke jikinta ba shi zai tashe ta ba ranar da ta tsaya. Ku tambayi bakaniken da zai riƙa duba ta: ana samun matatar iska da ta mai da tiyon haidirolik ɗinta a Damagaram, ko a Kano ta hanyar Ɗan Barto da Daura? Ƙurar hunturu tana toshe matata, gurɓataccen gazuwal yana kashe famfon inji. Idan ta hannu ce, a tashe ta da sanyin safiya a ga hayaƙinta, a duba yoyon mai da girgizar gaɓoɓin hannunta, kada a dogara da awannin da agogonta ya nuna. Araha ba ta ado.

Na huɗu, saye ko haya. Aikin garka ɗaya kwanaki kaɗan ne a shekara, na'ura kuwa ko tana ajiye tana cin kuɗi. Wanda aikinsa kaɗan ne ya yi haya. Ƙungiya ce za ta iya saye, in ta ƙidaya aikin mambobinta na rani, ta ware asusun gyara tun ranar farko.

Na biyar, direba. A horar da matasanmu, a koya musu cewa rami mai zurfi a rairayi yana ruftawa ba sallama, don haka a kwantar da bakinsa, a nisantar da yara.

Iyayena, dokar daji ta 2004 da dokar sassaben zamani ta 2020 sun ƙarfafa haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena. Roƙona shi ne duk ƙungiyar da za ta kawo katafila ta rubuta sharuɗɗa uku kafin ta biya ko dala: sarƙa ba za ta shiga ƙarƙashin inuwar itace ba, ba za a cire kututture mai rai ba sai da yardar mai gona da ma'aikacin daji, kuma a zagaya gona a sa wa toho alama kafin a tada inji.

Allah ya ba mu damina mai albarka.