Lambar wayarka: taka ce ko ta kamfani?

Ƴan uwana samari da ƴan mata na Gamu, da iyayenmu da nake hangowa can baya, sannunku da zuwa. Mai shayi ya ci gaba da aikinsa, ba zan daɗe ba.

Duk mai layi fiye da ɗaya a wayarsa ya ɗaga hannu. To kun gani, kusan kowa. Ba don sha'awa muke riƙe da su ba. Ɗaya shi ke da rezo a inda muke kwana, ɗayan kuma shi ne lambar da jama'a suka san mu da ita, muna tsoron sakin ta.

Ni na taɓa saki, na ga abin da ya biyo baya. Lokacin da na tafi Damagaram neman aiki, layina na farko ba ya kamawa sosai a unguwar da na sauka. Sai na sayi na wani kamfani, na cire tsohon na jefa cikin jaka, na ce zan riƙa sa masa kredi. Ban sa ba. Watanni suka wuce, aka rufe shi, aka ba wani lambar. Ita ce Inna ta sa aka rubuta mata da gawayi a bangon ɗaki, kuma ita kaɗai ce a hannun yayana da ke aiki a Sabha, ƙasar Libiya. Da ya samu ɗan abin da zai aiko gida, ya kira, wani baƙo ya ɗauka ya ce bai san mai wannan suna ba. Ya sake kira, aka kashe. Wata bakwai ba mu ji shi ba, shi ma bai ji mu ba. Inna ta daina cin abinci kirki. Sai da wani ɗan garinmu ya dawo daga can da saƙon baki sannan hankalinta ya kwanta.

Ina da laifi, ban musa ba. Amma tun daga ranar nake tambayar kaina: don me sai na bar lambata kafin in bar kamfani?

Ku duba wani abu. Layin da iyayenmu suka saya yana Celtel, a 2008 ya koma Zain, a 2010 ya koma Airtel. Mai 96 bai canza ko lamba ɗaya ba. A 2016 aka haɗe Sonitel da SahelCom suka zama Niger Telecoms, mai 93 yana nan da abarsa. A 2019 Orange ta sayar da reshenta na Nijar, ya zama Zamani, mai 90 bai ma san ranar da aka sa hannu ba. Wato idan kamfani ya canza mai shi, lambarka tana bin sa kamar tunkiya cikin garken da aka sayar. Idan kai ne ka ce za ka canza kamfani, sai ka ajiye ta a bakin ƙofa ka fita.

Alhali lambobin nan ba kamfani ya ƙera su ba. Duk lambar da ta fara da +227 dukiyar ƙasa ce. Hukuma ce ke rarraba su rukuni-rukuni ga kamfanoni, kuma a wurinmu ARCEP ke sa ido kan wannan sha'ani. Abin da aka ba kamfani amana, ana iya tsara masa doka cewa ya bi mai amfani da shi.

Kuma an yi hakan a maƙwabta. A takardun Faransanci ana kiran sa portabilité, ni ina ce masa ƙaura da lamba. Afirka ta Kudu ta fara a 2006, Ghana a 2011, Senegal a 2015, Kodebuwa a 2018. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Najeriya, wanda hukumar NCC ta buɗe ran 22 ga Afrilu, 2013. Waɗanda suka yi cin rani a Kano ko Maiduguri cikinku wataƙila sun gani da idonsu. Za ka je ofishin kamfanin da kake son komawa da katin shaidarka, ka cike takarda, ka tura kalmar PORT zuwa 3232 daga tsohon layin, a ba ka sabon sim. Lambar ba ta canza ba, kuma ba ka biya kuɗin ƙaurar ba.

Yadda abin ke aiki ba tsafi ba ne. Akwai rumbun bayanai guda a tsakiya wanda duk kamfanonin ke dubawa. Idan an kira ka, ba farkon lambar ake bi ba, sai a tambayi rumbun: wannan lamba yanzu tana hannun wa? Sai a miƙa kiran can. Kamar mutum ne ya tashi daga unguwa ya bar sallahu wurin mai unguwa, duk wanda ya zo neman sa a nuna masa sabon gida.

Amfaninsa a fili yake. Kamfanin da ya san ba za ka iya tafiya ba, ba ya gaggawar gyara eriyar da ta tsaya kwana uku. Wanda ya san gobe za ka iya ɗaukar lambarka ka wuce wurin maƙwabcinsa, kunnensa zai fi buɗewa. Musamman yanzu da lamba ta zama adireshin mutum: WhatsApp ɗinka a kanta yake, ita ake rubutawa idan za a aiko maka kuɗi ta Nita ko Amana, ita mai sayen dabbobinka daga kasuwar Gure ya sani, ita ka sa a takardar neman aikin da ka ajiye Yamai bara.

Amma ba zan yi muku daɗin baki ba. A Najeriya ƙaurar tana da sharuɗɗa. Kredin da ya rage a tsohon layi ba ya bin ka. Da aka fara, sai ka yi kwana 90 kafin a yarda ka sake wata ƙaurar. Farkon lamba ya daina faɗin gaskiya: da can duk mai 0803 an san MTN ne, yanzu ba lallai ba, mu kuwa da farkon lamba muke lissafin ko kiran zai ci kuɗi. Kuma har yau mafi yawan mutanen can layi biyu suke riƙewa kamar mu. Sannan inda eriya ɗaya ce tal ke kamawa, kamar a wasu ƙauyukanmu, ƙaura zuwa ina? Don haka idan za mu nemi wannan haƙƙi, mu haɗa shi da neman rezo, kuma mu ce kada a tsara shi ta yadda sai mutum ya biya kuɗin mota zuwa Damagaram kafin ya cike takarda ɗaya.

Ga kuma inda na fi jin tsoro. A tsarin nan, wanda sunansa ke kan rajistar layi shi kaɗai ke iya ƙaura da shi. Mutum nawa a nan layinsu da sunansu yake? Iyayenmu mata da yawa, da katin ɗan maƙwabci aka yi musu. Wani a bakin tasha ya saya da rajistarsa a shirye, bai san sunan wa ke kai ba. Irin wannan layi ko yau ya ɓace, ba za ka iya karɓo lambar ba, domin a takarda ba taka ba ce. Ranar da aka buɗe ƙaura kuwa, mai sunan ne ke da iko da ita, ba kai da ka shekara goma kana amsa kira ba.

To kafin ARCEP da kamfanoni su ji mu, akwai abin da ke hannunmu. Je ka da katin ɗan ƙasa ka mai da layinka sunanka, ka kai na Inna ma. Idan ka sayi sabon layi, kada ka yi irin tawa: ka riƙa sa wa tsohon ko ɗan kredi kaɗan ne kana kira da shi, har kowa ya samu sabuwar. A cikin WhatsApp akwai wurin canza lamba, wanda ke kwashe ƙungiyoyinka ya kuma sanar da mutane. Yi amfani da shi tun tsohon layin na raye, don kada wanda aka ba lambar daga baya ya tarar da kansa cikin zauren danginku. Ɗan uwanka da ke Libiya ko Aljeriya, ba shi lamba biyu na mutum biyu daban.

Baba can baya ya tambaye ni ɗazu wa za mu kai wa kuka. Takarda za mu rubuta zuwa ARCEP, da Hausa da Faransanci, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Wanda bai san sunan da ke kan layinsa ba ya tsaya bayan an tashi, mu rubuta ku, mu haɗa tafiya ɗaya ranar kasuwar Gure.