Kyautar Ɓargo: Darasi Daga Mutanen Japan

 

Ɓargo dai shi ne masana'antar jini. Idan sankarar jini ta lalata shi, wani lokaci ba makawa sai an yi wa majiyyaci dashen na wani. To amma sai wasu alamomin gado da likitoci ke kira HLA sun dace. Tsakanin waɗanda suke uwa ɗaya uba ɗaya, dacewar kan zama ɗaya cikin 4. Wanda bai samu a gida ba sai ya nemi bare, kuma galibi cikin mutanen asalinsa zai same shi. Saboda haka Bajapanen da aka haifa a Amurka ko Barazil ya dogara ne ga rajistar 'yan uwansa Japanawa. Wanda kuwa iyayensa suka fito daga jinsi biyu, neman ya fi yi masa wuya.

A 1991 aka kafa hukumar rajistar masu ba da ɓargo ta Japan. Yin rajistar ba wahala: ɗan jini kaɗan ake ɗiba, daga mai shekara 18 zuwa 54. Amma me ke sa mutane ja da baya? Na farko tsoro, domin da yawa suna ɗaukar ɓargo da laka abu ɗaya ne, alhali daga ƙashin ƙugu ake zuƙo shi bayan an sa mutum barci, jiki kuma ya mayar da abinsa cikin 'yan makonni. Na biyu, a Japan sai iyali sun amince kafin a ɗiba, sau da yawa uwa ko matar aure kan ƙi. Na uku aiki, domin ma'aikacinsu yana jin nauyin neman hutun kwana uku ko huɗu na kwanciya asibiti.

Duk da haka zukata na sauyawa. A watan Fabrairun 2019, shahararriyar 'yar wasan ninƙaya Rikako Ikee ta bayyana cewa tana fama da sankarar jini tana shekara 18. Nan take jama'a suka yi tururuwa, a shekarar nan masu rajista suka haura 500,000. An yi mata dashe, har ta shiga wasannin Olamfik na Tokyo a 2021.

Jama'a, mu ma abin ya shafe mu, domin dashen ɓargo yana iya warkar da sikila. An buɗe rajistar Nijeriya a Inugu a 2012, kuma ɗan ƙasar nan cikin jama'arsa ya fi samun wanda zai dace da shi. Ina roƙon likitocin da ke cikinmu su wayar mana da kai a taro na gaba, kowannenmu kuma ya tattauna da iyalinsa tun yanzu, kafin bukata ta taso.