Kuɗin Ko-ta-kwana da Kuɗin Zuwa Gida
(Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da magidanta)

 An ba ni minti kaɗan in yi magana a kan kuɗi, musamman abin da ke jawo gardama a gidajenmu idan Disamba ta kusa: a tafi gida Kirsimeti, ko a ajiye kuɗin domin wata lalura?

Zan fara da kuskure biyu da ni kaina na yi. Wata shekara na kwashe duk abin da na tara, muka tafi ƙauye da yara, da anko, da buhun shinkafa, da akuya. An yi murna ƙwarai. Makonmu biyu da dawowa 'yarmu ta kwanta asibiti, ga kuɗin makaranta, ga kuɗin haya. Sai da na ci bashin da ban gama biya ba sai a watan Yuli. Kunya ta sa na koma ɗaya gefen. Shekara uku ban taka gida ba, kullum ina cewa sai ajiya ta cika. A shekara ta uku aka kira ni cewa Baba ya rasu. Kuɗin da na hana kaina zuwa gaishe shi da su, da su na je jana'izarsa. Bai taɓa ganin autanmu ba.

Abin da na koya shi ne, waɗannan kuɗi iri biyu ne, kuma bai kamata su kwana a jaka ɗaya ba.

Na farko shi ne kuɗin ko-ta-kwana, domin abin da ba ya sallama: ciwo, haɗarin mota, rasa aiki, gobara, ko tashin hankalin da zai sa iyali su bar unguwa cikin dare. Mun ga irin waɗannan kwanaki da idonmu. A ƙarshen Maris 2020 aka sanar da rufe Legas da Abuja da Ogun saboda korona, masu aikin yini suka zauna babu shiga. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, mutum na da kuɗi a banki amma ba ya iya sayen kwanon gari. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500, kuɗin mota ya bi ta.

Nawa za a ajiye? Masu ba da shawara kan kuɗi sukan ce abin da zai riƙe gida wata uku zuwa shida. Kada wannan ya karya mana gwiwa. Lissafin na abin da ya zama dole ne kawai: abinci, haya, magani, makaranta, kuɗin zuwa aiki. A ɗauki misalin gidan da ke samun naira 120,000 a wata, dolensa 80,000. Wata uku ya zama 240,000. Idan suna cire 10,000 kowane wata, shekara biyu za su kai. A fara da burin wata ɗaya, sannu ba ta hana zuwa.

A ina za a ajiye? Inda hannu zai kai cikin kwana ɗaya, amma ba zai kai da kwaɗayi ba. Asusun banki dabam ya fi, wanda ba a yawo da katinsa. A 2024 hukumar NDIC ta ƙara inshorar ajiya zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a manyan bankuna. A bar ɗan tsabar kuɗi a gida, darasin 2023 ke nan. Tun da tsadar kaya na cin darajar naira, har hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, yana da kyau a mai da wani kashi buhun masara lokacin kaka, kamar yadda iyayenmu ke cika rumbu kafin yunwar damina. Adashi yana da amfani, amma ciwo ba ya jiran ranar kwasarka. Kuma a guji masu alkawarin ninka kuɗi. Da yawa ba su manta yadda MMM ta rufe asusun mutane a Disamba 2016 ba, ana dab da biki.

Na biyu shi ne kuɗin tafiya da jin daɗi. Dattawa, ku yi mini haƙuri in faɗa: wannan ba almubazzaranci ba ne. Zumunta a ƙafa take. Yaron da aka haifa a Kano ko Legas, idan bai je gida ba, ina zai ji yaren kakarsa? Wanda ya kai iyalinsa bikin Afan a Kagoro ranar 1 ga Janairu, ko ya kai yara Yankari su ga ruwan Wikki, bai yi asara ba. Sai dai Kirsimeti ba lalura ba ce. Tun Janairu kowa ya san ranar 25 ga Disamba na zuwa. Gidan da na ba da misali, idan suka ware 5,000 daga Janairu zuwa Nuwamba, sun tara 55,000. Abin da aka tara, shi ne girman tafiyar. Idan bai kai kowa ba, mutum biyu su je bana, sauran baɗi. Ko a tafi bayan biki, lokacin da kuɗin mota ya sauka. Tsofaffinmu fuskarmu suke so su gani, tsaraba ƙari ce.

Ga ƙa'idodi uku da muke bi a gidana. Ba ma taɓa jakar ko-ta-kwana domin biki. Ba ma cin bashi domin tafiyar da za a iya ɗagawa. Idan lalura ta cinye ajiya, mukan rage shagali har ta dawo, amma ba ma soke gaisuwar iyaye. Ni da uwargida muke yin lissafin tare, kowa ya san inda kuɗin suke, domin idan ni ne na kwanta, ita ce za ta nema.

Roƙona ga dattawa shi ne, ku sauƙaƙa wa 'ya'yanku. Wanda ya zo gida da sabulu da ɗan gishiri, a karɓe shi kamar wanda ya zo da sa. Tsoron zuwa hannu wofi ya hana matasa da yawa ganin iyayensu, wasu kuma ya jefa su cikin bashi.

A daren nan, kowane gida ya ɗauki takarda ya rubuta lamba biyu: abin da ke riƙe gidan a wata ɗaya, da kuɗin mota zuwa gida da dawowa. Daga nan ake farawa.

 Ubangiji ya ba mu hikima, ya kai mu gida lafiya. Amin.