Ƙafar da Ba Ta Jin Zafi

 

Daga Ikara zuwa Makarfi har nan ƙasar Kudan, arzikinmu rake ne da tumatir da barkono da masara, kuma duk da ƙafa ake nemansa. Mai ban-ruwa a fadama cikin laka yake wuni. Mai saran rake yana ratsa kututture masu kaifi da silifa wadda ta riga ta suɗe. Amma sai ƙafar ta hana mutum zuwa gona sannan yake tunawa da ita.

Dattawan da ke nan sun san kurkunu, yadda take kwantar da magidanci daidai lokacin noma. A 1988 an ƙirga mutum sama da 600,000 masu ɗauke da ita a Nijeriya. Da tace ruwan sha da hana mai ciwon shiga tafki aka ga bayanta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ta ƙare a ƙasar nan. Yaranmu ba su ma san kamanninta ba. Cututtukan da suka rage mana yawancinsu ba su kai ta wuyar magani ba.

Faso da kaushi na hunturu ne. A jiƙa ƙafa da ruwan ɗumi da dare, a goge kaushin a hankali, a shafa man kaɗe ko basilin, a sa safa a kwanta. Reza ba ta da aiki a nan, haka ma gam ɗin liƙe takalmi da wasu matasa ke ɗurawa cikin tsagar. Cin ruwa kuwa na damina ne da fadama: tsakanin yatsu ya yi fari, ya yi laushi, ya riƙa ƙaiƙayi da wari. Maganinsa man shafawa irin su clotrimazole, sati biyu zuwa huɗu, ko da ƙaiƙayin ya lafa tun kwana uku. Ina roƙon masu kemis su daina miƙa wa mutane man nan mai haɗe-haɗe da ke ɗauke da sitiroyid, domin yana kwantar da ƙaiƙayi ya bar cutar tana yaɗuwa. Wanda kuma ƙusa ko ƙaya ta soke shi a gona, ya wanke da ruwa da sabulu ya je a yi masa allurar tsinkau-tsinkau. Toka da baƙin mai da garin batir ba sa warkar da rauni, gyambo suke mayar da shi.

Waɗannan duk suna da zafi, zafin ne kuma ke kai mutum neman magani. Wadda ke hana ni barci ita ce ƙafar da ta daina jin zafi.

Ciwon suga idan ya daɗe yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙo daga tafin ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa, yana kuma rage jinin da ke sauka can. Da farko mutum zai ce ƙafarsa na yi masa zugi da dare, ko yana ji kamar a kan auduga yake tafiya. Daga nan sai shiru, shi kuma ya ɗauka sauƙi ya samu. Sai tsakuwa ta shiga takalmi ya wuni yana taka ta. Sai ya miƙa ƙafa kusa da garwashi da sanyin asuba, fata ta sale bai sani ba. Matarsa ce za ta ga jini-jini a tabarma, ko ta ji wari. A lokacin ramin da ke ƙarƙashin babban yatsa bai fi ƙwayar wake ba a ido, alhali a ciki ya kusa kai wa ƙashi. Wata guda ana shafe-shafe a gida, kafin a isa Asibitin Koyarwa na Shika maganar ta zama ta yanke ƙafa. Iyali kuma su ce sammu ne, ko ya taka wani abu. Wallahi abin da ya taka tsakuwa ce.

Kuturta ma haka take yi. Ba ita ke cin yatsu kai tsaye ba. Ji take kashewa, rauni da ƙuna su ƙarasa sauran. Maganinta kyauta ne, na wata 6 ko 12, ga kuma cibiyar tarin fuka da kuturta a Saye kusa da Zariya. Duk wanda ya ga wani tabo mai haske a fatarsa wanda ba ya jin taɓawa, kada kunya ta zaunar da shi.

Mu da ke alwala kullum muna da damar da likitocin wasu ƙasashe ke roƙon marasa lafiyarsu su samu: hannunmu na bin tsakanin yatsunmu sau da yawa a rana. Saura ido ya bi hannun. Mai suga ya duba tafin ƙafarsa da dunduniya, in idonsa ya yi rauni ko ba ya iya sunkuyawa, ɗansa ko matarsa su duba masa. Ya tsane tsakanin yatsu bayan alwala, ya kakkaɓe takalmi kafin ya sa, kada ya taka ƙasa ba takalmi ko da daga ɗaki zuwa masallaci ne. Farce a yanke shi a miƙe, kada a bi kusurwa, kuma kada a kai kaushinsa wurin mai aska. Idan ya ga rauni, ko kumburi, ko yatsa ya fara baƙi, ranar zai tafi asibiti, ba sai an ci kasuwa an sayar da rake ba.

Ku kuma 'yan'uwana ma'aikatan lafiya, musamman waɗanda suka fito daga kwalejin Shehu Idris ta Makarfi suke riƙe da ƙananan asibitocinmu, ga roƙona. Mai suga ya zo, kun auna jini, kun rubuta magani, kada ya tashi sai ya cire takalmi. Ku ce ya rufe ido, ku taɓa kan yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ku tambaye shi ko ya ji. Aikin minti biyu ne, ba ya cin kobo. Wanda bai ji ba, ku rubuta sunansa, ku kira wanda ya rako shi ku nuna masa inda zai riƙa dubawa, ku sa masa ranar dawowa.