Jawabi a Wajen Ƙaddamar da Littafin Tarihin Alhaji Aminu Ɗantata

Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna, Allah ya ƙara muku lafiya. Malamanmu, Allah ya gafarta. 'Yan kasuwar Kwari da Singa da Dawanau, sannunku da zuwa.

Da an ambaci marigayi Alhaji Aminu Alhassan Ɗantata, dukiya da kyauta ake tunawa. Ni kuwa babin da ya fi tsaya mini a rai a littafin nan shi ne na majalisa, wanda matasanmu da yawa ba su ma san an yi shi ba.

An haife shi a Kano a 1931. A 1948, yana ɗan shekara 17, ya shiga kamfanin mahaifinsa a matsayin mai sayen amfanin gona. Aiki ne na sikeli da buhu da ƙurar kaka, da ciniki da manomin da ya san nauyin gyaɗarsa tun kafin a ɗora ta. Daga nan aka tura shi Sakkwato ya riƙe harkokin kamfanin. Mahaifin ya rasu a 1955, yayansa Ahmadu ya bi shi a 1960, ragamar gidan ta dawo hannunsa bai cika talatin ba.

A 1961 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Dokokin Jihar Arewa a Kaduna, zamanin Sardauna. To, jama'a, ku duba abin da ya shiga zauren da shi: mutum ne da ya san kuɗin dako, ya san abin da rashin hanya yake ci a kan kowane buhu. Ba kujerar ce ta ciyar da shi ba. Shi ya sa da soja suka rushe majalisar a 1966, bai yi zaman jiran a waiwaye shi ba, yana da wurin komawa. 'Yan majalisarmu na yau da suke zaune a nan, ban kama sunan kowa ba!

Daga baya Gwamna Audu Bako ya ɗauko shi kwamishina a sabuwar Jihar Kano, ya yi har 1973. Allah ya karɓi abinsa ranar 28 ga Yunin 2025, aka binne shi a Madina. Allah ya jiƙansa da rahama.

Yanzu sai in gayyaci babban mai ƙaddamarwa. Ranka ya daɗe, bismillah.